Na yi kukan mutuwar wanda aka zana da alƙalami: lafiyata ƙalau kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 26. Tun ina 17 nake bin wani manga (labarin zane na ƙasar Japan) babi-babi, kusan duk mako, sai watan jiya ya ƙare. Tun daga ranar nake jin kamar an yi mini rasuwa. Kafin ƙarshen ma, da aka kashe wani jarumi da nake so, rufe ƙofa na yi na sha kuka har kaina ya yi ciwo, kunya kuma ta hana ni gaya wa kowa. Don in rage kewa sai na ɗauko wani littafin labari da na fi so a duniya lokacin ina 15 na sake karantawa, amma wallahi ban ga abin da na gani a cikinsa a da ba. Maganganun jarumar ma haushi suka riƙa ba ni. Ga kuma ƙawata da na matsa wa ta karanta mangan nan, ta yi kundi biyu ta dawo mini da shi, ta ce bai ja ta ba. Na ji zafin maganar kamar ni ta zaga. Malam, lafiyata ƙalau kuwa? Ni ce na canza, ko dama can littattafan ba su kai yadda na ɗauke su ba?"
Wata mai karatu

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Lafiyarki ƙalau, kuma na ji daɗi da kika tambaya maimakon ki ci gaba da ɓoye abin a ranki.

Abu uku kika kawo: kewar labarin da ya ƙare da kukan jarumin da ya mutu, littafin ƙuruciya da ya dusashe a idonki, da zafin da kika ji da ƙawarki ta ƙi abin da kike so. A wurinki uku ne, amma a ganina tushensu ɗaya. Labarin da mutum ya so da gaske, rabinsa shi ya yi shi. Marubuci ya kawo kalmomi, mai zane ya kawo layuka, amma murya da fuska da nauyin abin, ke kika zuba su daga cikin rayuwarki. Na daɗe ina koyar da adabi ina kuma jagorantar zaman karatu, manga kuwa ɗalibaina ne suka shigar da ni cikinsa da girmana, kuma duk tsawon lokacin nan ban ga abin da ya fi wannan bayyana yadda mutane ke ji game da littattafansu ba.

Ba ke kika fara ba

A ranar 24 ga Maris, 1970, ɗaruruwan mutane suka taru a zauren kamfanin ɗab'i na Kodansha da ke Tokyo don jana'izar wani ɗan dambe mai suna Rikiishi Toru. An kafa dandalin dambe a cikin zauren, an kawo limamin addinin Buddha ya yi karatu, an buga ƙararrawa sau goma kamar yadda ake yi wa ɗan damben da ya rasu. Rikiishi bai taɓa rayuwa ba. Abokin hamayyar jarumi ne a cikin mangan Ashita no Joe, wanda mujallar Shonen Magazine ta riƙa bugawa duk mako daga 1968 zuwa 1973. A cikin labarin ya azabtar da jikinsa da yunwa da ƙishirwa don ya rage nauyi ya samu damar karawa da jarumin, ya yi nasara, sannan ya faɗi ya mutu. Mawaƙi kuma marubucin wasan kwaikwayo Terayama Shuji ne ya shirya taron tare da ƙungiyarsa, kuma waɗanda suka halarta ba yara zalla ba ne, har da ɗaliban jami'a da ma'aikata.

A Ingila ma, da marubuci Arthur Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes, jarumin labaransa na binciken laifi, ya kashe shi a labarin da ya fito a mujallar Strand a Disamba 1893, masu karatu sun yi masa ruwan wasiƙun fushi, har dai ya dawo da shi da rai a 1903.

Wadda ta fi kama da ke kuwa, yarinya ce da aka haifa a Japan a shekarar 1008. Ba a san sunanta na yanka ba, ana kiranta 'yar Sugawara no Takasue. Ta tashi a lardin Kazusa, nesa da babban birni, tana jin guntayen labarin Genji, wani dogon littafin soyayya na fadar sarki, daga bakin yayarta da matar babanta, tana ɗokin ta ga littafin da idonta. Bayan sun koma Kyoto a 1020, wata 'yar uwar iyayenta ta ba ta littafin, kundi hamsin da 'yan kai, a cikin akwati. A tarihin rayuwarta da ta rubuta da tsufanta, wanda ake kira Sarashina Nikki, ta ba da labarin yadda ta shige bayan labule ta kwanta tana zaro kundin ɗaya bayan ɗaya, da rana har dare a gaban fitila, tana jin ko matsayin matar sarki ba za ta karɓa a madadin wannan ba. Shekara dubu ke nan. Ki riƙe ta a ranki, zan dawo kanta.

Sabo ake yi wa kuka

Ki lissafa da kanki. Babin manga na mako-mako yakan kai shafi 19 ko kusa da haka, kuma a shekara akan samu sama da babi 40. A shekara tara kin zauna da mutanen nan wajen sau 400. Ki duba cikin 'yan uwanki da ƙawayenki na makaranta, mutum nawa kika haɗu da su sau 400 daga shekara 17 zuwa 26? Kin gama sakandare suna nan, kin yi jarrabawa suna nan, an ɓata miki rai kin dawo ɗaki kin same su. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma zuciya ba ta tambayar ko wanda ta saba da shi na jini da tsoka ne ko na tawada.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1956 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, sun yi rubutu a kan yadda masu sauraron rediyo da masu kallon talabijin ke shaƙuwa da masu gabatar da shiri kamar abokansu, alhali waɗancan ba su san da zamansu ba. Shaƙuwa ce daga nesa, mai tafiya ta gefe ɗaya, kuma ba su ɗauke ta a matsayin cuta ba sai in ta maye gurbin mu'amala da mutane. Jarumin labari ma ya fi mai gabatar da shiri kusanci, domin shi an buɗe miki cikinsa. Kin san abin da yake tsoro, kin san ƙaryar da ya yi wa kansa, abin da ko ƙawarki ta kusa ba ki sani game da ita ba.

Sannan ki sani an gina harkar manga ne don ta haifar da irin wannan sabon. Mujallar Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda aka fara a 1968, ta kai bugun kwafi miliyan 6.53 a fitowa ɗaya a 1995. Ta yi suna da katin ra'ayi da take sakawa a ciki, masu karatu su zaɓi labaran da suka fi burge su a makon. Labarin da ya daɗe a ƙasan jeri sai a datse shi, wani lokaci bayan 'yan makonni goma sha. Saboda haka mai zane da editansa suna kwana suna tashi da tambaya ɗaya: me zai sa yarinyar nan ta dawo mako mai zuwa? Wanda ya rayu shekara tara a irin wannan gasa ya ƙware wajen riƙe zuciya. One Piece na Eiichiro Oda ya fara a Yuli 1997, ya wuce babi 1,000 a farkon 2021. Akwai waɗanda suka fara shi suna firamare, yau suna karanta shi tare da 'ya'yansu. Ki yi tunanin abin da za su ji ranar da zai ƙare.

Abin da kika rasa watan jiya ya haɗa da labarin, da ranar da kike jiran sa a kowane mako, da hasashen abin da zai faru, da kuma yarinya 'yar 17 da ta fara shi. Ina ganin wannan ta ƙarshen ce ta fi yi miki ciwo, ko da ba ki kira sunanta ba.

Tsakanin hoto da hoto

A nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne manga ya bambanta da fim da kuma littafin zube.

Shafin manga gidaje ne na zane, tsakanin gida da gida kuma akwai ɗan farin fili. Ki ɗauka a gida na farko an nuna mace tsaye tana riƙe da wasiƙa, an nuno ta ta baya. A gida na biyu wasiƙar na ƙasa kusa da ƙafarta. A gida na uku ba kowa, sai taga da ruwan sama na gangarowa a jikin gilashi. Ba a zana fuskarta ba, ba a zana lokacin da yatsunta suka saki takardar ba, ba a rubuta ko kalma ɗaya ba. Amma kin ga fuskar. Kin ma ji ƙarar faɗuwar takardar. Wa ya zana wannan? Ke ce, a cikin farin filin nan, kuma da abin da kika sani na mummunan labari kika zana shi: fuskar mahaifiyarki ranar da aka kira ta a waya, ko taki fuskar. Scott McCloud, wani mai zane Ba'amurke, ya yi bayanin wannan aiki na mai karatu a littafinsa na 1993 kan yadda labaran zane ke aiki. Ya kuma lura cewa masu zanen Japan sun fi na Amurka yawan tsayar da labari su zagaya da ido cikin wuri, a nuna sama, a nuna ganye, a nuna kofi a kan tebur, ba don wani abu ya faru ba sai don yanayin ya zauna a jiki. Ya ƙara da cewa fuskar da aka sauƙaƙa zanenta, ido biyu da ɗan layin baki, ta fi fuskar da aka cika wa ƙawa saurin karɓar mai kallo, domin akwai wurin da zai shiga ya zauna.

Wannan salo ya samu gindin zama tun zamanin Osamu Tezuka, wanda tun a aikinsa na 1947 ya riƙa shimfiɗa motsi ɗaya a gidaje da yawa kamar na'urar ɗaukar fim na bin abu. Waɗanda suka biyo bayansa suka gano cewa juya shafi ma makami ne. Sai a ajiye tambaya a gidan ƙarshe na shafi, amsar kuma tana baya, ta cinye shafi biyu gaba ɗaya. Hannunki ne zai juya. A fim, jarumi zai mutu ko kin shirya ko ba ki shirya ba, minti na tafiya. A manga kina iya riƙe gefen takardar na tsawon minti biyar kina jin abin da ke bayanta, sannan ki buɗe da kanki. Har shiru suna da kalmar da suke rubuta masa a cikin zane, "shiin", don ki ji cewa ɗakin ya yi tsit. Mutuwar da kika buɗe da hannunki, kika cike giɓinta da abin da ke cikinki, dole ta yi nauyi.

A wani zaman karatu da na jagoranta akwai wani saurayi mai ƙarancin magana. Muna karanta wani manga na iyali, ana ta muhawara a kan babin da aka binne babban wa. Shi bai ce komai a kan babin ba. Sai ya buɗe wani shafi can gaba, wurin da ƙannen ke gardama a kan wani abu maras muhimmanci, ya ɗora yatsa a bayan hoton. Rigar marigayin ce rataye a ƙusa a jikin bango. Ya yi ta juya shafuka yana nuna mana ita, babi bayan babi, tana nan ba wanda ya taɓa, ba kuma wanda ya ambace ta. Mu goma sha biyu a ɗakin, ba wanda ya lura da ita sai shi. Daga baya ya gaya mini cewa takalman wansa sun shekara biyu a bakin ƙofarsu an kasa ɗaukewa. Mai zanen ya sa rigar da gangan, wannan gwanintarsa ce. Amma ba kowa rigar ta yi wa magana ba sai wanda ya zo da takalma a ransa.

Littafin zube nasa aikin daban ne, ko da yake tushen ɗaya. Shi ba ya ba ki fuska ko ɗaya, sai dai ya ba ki muryar cikin mutum, ki ji tunaninsa da muryarki. Shi ya sa idan aka mayar da littafin da kike so fim sai ki ji kamar an kawo baƙo an ce wai shi ne ɗan uwanki.

Littafin da ya dusashe

Yanzu tambayarki ta ainihi: ke ce kika canza, ko littafin ne dama bai kai ba? Mai yiwuwa duka biyun, kuma babu wanda ya zama abin kunya a ciki.

Wata malamar adabi Ba'amurkiya, Louise Rosenblatt, ta kafa hujja tun a 1938 cewa ma'anar littafi tana samuwa ne a haɗuwar rubutu da wani mai karatu a wani lokaci na rayuwarsa. Takardar ba ta motsa ba cikin shekara goma sha ɗaya, amma wadda ta zo wurinta ta canza. Masu binciken ƙwaƙwalwa kuma sun gano cewa idan aka tambayi manya su tuno rayuwarsu, abubuwan da suka faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 ne suka fi yawa kuma suka fi haske. A shekarun nan ne mutum ke fara komai: son farko, cin amanar farko, ranar farko da ya ji wani ya faɗi abin da yake zaton shi kaɗai ke jin sa. Littafin da ya riga kowa gaya miki wani abu yana samun ladan da ya fi ƙarfin rubutunsa. So hana ganin laifi, balle son 'yar shekara 15.

Daga abin da na gani, littafin ƙuruciya kan faɗi a karatu na biyu ta hanyoyi daban-daban, kuma yana da kyau ki gane wacce ce taki. Wani dama rubutunsa rarrauna ne, amma ya zo daidai lokacin da kike buƙatar a ce miki fushinki na da dalili. Ya yi aikinsa ya gama. Wani kuma a kan mamaki aka gina shi, da zarar kin san wanda ya yi kisan ko wanda za ta aura, ba sauran abin da ya rage. Wani lafiyarsa lau, ke ce kika zo masa da neman abin da ba zai iya bayarwa ba. Ina zargin akwai wannan a naki: kin ɗauko shi kina cikin makokin wani labarin, kina so ya mayar da ke shekara 15, shi kuwa littafi ne kawai. In kuma fassara kika karanta, ki duba ko irin ta da ce, domin sauya mai fassara na iya sauya muryar jaruma gaba ɗaya, abin da masu bin manga suka sani sarai idan suka kwatanta fassarar masoya ta intanet da ta kamfani.

Haushin da jarumar ta ba ki ya ja hankalina. Sau da yawa idan ɗalibi ya ce mini jarumin da yake so a da yanzu haushi yake ba shi, in muka bi diddigi sai mu tarar halin da ke ba shi haushin nasa ne na wancan lokacin: saurin yanke hukunci, ganin kowa bai fahimce shi ba, son a tausaya masa. Ki sassauta mata. Ita ce ta riƙe ki a lokacin da kike haka.

Ni ma na sake buɗe wani littafi da na karanta ina 17, na tarar da layukan da na ja da fensir. Duk a ƙarƙashin jawaban ɗan da ya yi wa mahaifinsa tawaye suke, manyan kalmomi a kan 'yanci da barin gida. Na wuce su ban ji komai ba. Inda na tsaya na kasa ci gaba wani rabin shafi ne da babu ko ɗigon fensir a kansa: uwar ta fito da dare ta kunna fitilar ƙofa, mijin ya fito ya kashe, ta jira ya yi barci ta sake kunnawa. Ina 17 ko ganin wurin ban yi ba. Littafin kirki yakan ajiye wa mai karatu irin wannan, abin da ba zai gani ba sai ya girma. Ga gwajin da zan ba ki: ki sake duba naki, ki bar wuraren da kika so a da, ki nemi ko akwai wani wuri sabo da ya tsayar da ke. In akwai, littafin na da rai, ku biyun ne kuka sauya wurin haɗuwa. In babu ko ɗaya, to ya ba ki abin da yake da shi tun tuni, ki gode masa ki mayar da shi kan kantar littattafai.

Wannan ne ya sa nake koya wa ɗalibaina su raba tambaya biyu da mutane ke cakuɗawa: me littafin nan ya yi mini, da kuma yaya aka gina shi. Ta farko ba mai iya yi miki gardama a kanta. Ta biyu kuwa ana zama a yi muhawara, a kawo shafi a nuna. Kina iya cewa littafi ya ceci shekararki ta 15 kuma ki yarda rabinsa surutu ne, duka biyun gaskiya.

Ƙawarki

Da kika miƙa mata mangan, kin haɗa mata da shekara tara na rayuwarki ba tare da ta sani ba. Ita kundi biyu na takarda ta karɓa. Da ta ce bai ja ta ba, a kan takardar take magana, ke kuma kika ji a jikinki domin kina ciki.

Akwai kuma dalilai na zahiri. In ba ta saba da manga ba, karatu daga dama zuwa hagu da gane wane gida ke bin wane aiki ne da ido ke koya a hankali, kuma mai fama da wannan ba ya samun sukunin jin komai. Dogayen labaran mako-mako da yawa ba sa kama ƙasa sai bayan kundi da dama, lokacin da mai zanen ya gane abin da yake yi. Ke kin bi shi da ɗan tazarar mako kina ɗoki, ita ta haɗiye babi ashirin a zama ɗaya da nauyin cewa dole ya burge ta, tunda kin matsa. Sannan manga kala-kala ne gwargwadon mujallar da ta buga shi: shonen na samari matasa, shojo na 'yan mata, seinen na maza manya, josei na mata manya. Wadda labarin faɗa da gasa bai ja ta ba, wataƙila labarin ma'aikaciya mai fama da kaɗaici a birni ya hana ta barci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya fi yi mini amfani a irin wannan shi ne tambaya ɗaya: a ina kika tsaya, kuma me ya sa? Amsar za ta nuna miki ƙawarki fiye da yadda za ta nuna miki littafin. Ki kuma tambaye ta nata abin so, ki karanta da zuciya ɗaya.

Kewar da kike ciki yanzu

Kada ki yi gaggawar neman madadi. Duk dogon labarin da kika fara a makonnin nan za ki auna shi da wancan, kuma zai faɗi ba da laifinsa ba. In hannunki na ƙaiƙayin karatu, ki nemi gajere mai kundi ɗaya, ko wani abu da bai yi kama da wancan ba ko kaɗan. Ki samu littafin rubutu ki zauna ki rubuta wurare biyar da labarin ya tsayar da numfashinki, kowanne ki rubuta abin da ke kan shafin, sannan abin da ke faruwa a rayuwarki lokacin da kika karanta shi. Waɗanda na sa suka yi wannan sukan dawo da mamakin yadda abu biyun ke haɗuwa. Ki kuma nemi ko mutum ɗaya da ya bi labarin har ƙarshe ku yi hirarsa, domin makoki a ɓoye ya fi daɗewa.

Yarinyar Kazusa da na ce zan dawo kanta, da ta tsufa mijinta ya rasu, ta rubuta cewa ta yi nadamar shekarun da ta ɓata tana mafarkin zama kamar matan cikin labari maimakon ta mai da hankali ga ibadarta. Ban raina nadamarta ba, kuma akwai gargaɗi a ciki ga duk wanda labari ya hana shi rayuwar da ke gabansa. Amma duk wanda ya karanta littafinta ya san cewa shafin da ta rubuta a kan daren nan na bayan labule yana cikin mafi rai a cikinsa, bayan shekara kusan arba'in da faruwarsa.

Ni malamin adabi ne, ba likita ba, kuma daga wasiƙa ɗaya nake magana. Kewar labari takan yi sauƙi da kanta cikin 'yan kwanaki ko makonni, tana zuwa tana tafiya, ba ta hana mutum dariya idan abin dariya ya zo. Idan kika ga ƙuncin ya zauna kusan kullum har ya haura mako biyu, barci ya lalace, cin abinci ya canza, abubuwan da kike jin daɗinsu a da duk sun fita ranki, to ki je ki ga likita, kada ki tsaya a kan cewa ai manga ne. Haka nan in kin lura mutuwar jarumin ta tono wata rasuwa ta gaske da ba ki samu damar yi wa kuka ba a lokacinta, ki samu babba da kika amince da shi ki faɗa masa. Na ga hakan ya faru fiye da sau ɗaya, saurayin mai takalma ma yana cikinsu.

In kin sake rubuto mini, ki gaya mini wane gida ne na zanen ya sa kika rufe ƙofar, da abin da aka zana a cikinsa, da abin da ba a zana ba.